Ciwon ƙafa da ke fitowa a hannu

Da damina, yara da yawa suna yini cikin ruwa da taɓo. Waɗansu kuma suna sa takalmin roba rufaffe tun safe har marece. Ƙafa ta yi gumi, ba ta shan iska. Daga nan sai tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari, ya tsage, ya riƙa ƙaiƙayi. Wannan shi ake kira cin ruwa.

Abin da ke kawo cin ruwa wani ƙaramin abu ne dangin funfuna. Ido ba ya ganinsa. Yana son ɗumi da laima.

Wani lokaci, bayan sati 1 ko 2 da tsanantar ciwon ƙafar, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso a gefen yatsun hannu da tafin hannu. Suna ƙaiƙayi ƙwarai, kuma galibi hannu biyu suke kamawa. Idan likita ya bincika ƙurajen nan, ba ya samun funfunar a cikinsu. Tana can ƙafa.

To, me ya kawo su? Jiki yana da masu tsaro cikin jini, waɗanda ke yaƙi da cuta. Idan yaƙin ƙafa ya yi zafi, sai su harzuƙa, su taɓa fatar hannu wadda ba ta da laifi. Shi ya sa ba a ɗaukar waɗannan ƙuraje wajen gaisawa.

Mai shafa magani a hannu kawai, ya bar ƙafa, yana wahalar banza. Ƙurajen za su lafa, su sake dawowa. In ƙafa ta warke, hannu ma sai ya warke. Amma mai yawan sosa ƙafa yana iya kwasar funfunar kanta da farce, ta kama masa hannu ɗaya.

Mai cin ruwa ya wanke ƙafa da sabulu, ya goge tsakanin yatsu su bushe. Ya shanya takalminsa a rana, kada ya ara wa kowa. Ya je likita, ya nuna hannu da ƙafa duka. Maganin shafawa yakan ɗauki sati 2 zuwa 4, kuma ba a barinsa don ƙaiƙayi ya tsaya.

Tambayoyi
1. Me ke kawo cin ruwa?
2. Don me maganin hannu kaɗai ba ya isa?