Ƙafa uku ba ta hana kifewa: kafin asusu ya sayi keken lantarki mai kwando

Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kwalbar man da ake sayarwa a bakin hanya nan Bande ta yi tsada, ɗan kabu-kabu ya ƙara kuɗi, mai adaidaita ma ya bi sahu. Wadda za ta kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kasuwar Magarya, rabin ribarta a hanya take ƙarewa. Shi ya sa a zaman zubi na mako-mako maganar keken lantarki take ta tasowa, musamman irin wanda ake liƙa wa kwando mai ƙafa ɗaya a gefe, a zuba kaya ko a zaunar da mutum.

Tunanin ba na banza ba ne. A gundumar Wedza ta ƙasar Zimbabuwe, tun 2019 kamfanin Mobility for Africa yake ba matan karkara hayar kekuna masu ƙafa uku da ake kira Hamba. Mata kan haɗu su karɓi guda ɗaya, batirin kuma da hasken rana ake cajinsa. A Kano ma ƙungiyar Mata Zalla ta fito da adaidaita masu lantarki, mata ke tuƙi, mata ke shiga. Mu da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a ƙasarmu, a Maraɗi, a 1991, ai haɗa kuɗi a sayi abu ba baƙonmu ba ne.

Sai dai akwai maganar da muke ta ji wadda ba mu yarda da ita ba: wai tunda ƙafa uku gare shi, ba ya faɗuwa, kowa ma sai ta hau. Ƴan uwa, a tsaye ne kawai ba ya faɗuwa.

Kekunan Zimbabuwe da na Kano ƙafafunsu biyu na baya a daidaice suke. Mai kwando kuwa a karkace aka gina shi: mai tuƙi da inji suna gefe guda, kwando yana ɗaya gefen. A ƙasarmu dama ake bi, don haka kwandon a dama ya kamata ya zauna. To, idan kika sha kwana zuwa dama da gudu, ƙafar kwandon ce za ta ɗaga sama, keken ya nemi kifewa hagu, wato tsakiyar hanya, inda motocin Damagaram ke tahowa. Idan kwandon fanko ne, abin ya fi sauri. Maganinsa a rage gudu tun kafin a kai kwanar, ba cikinta ba. In kuma ƙafar ta riga ta ɗaga, a sassauta wuta, a ɗan miƙe kan keken, za ta sauka da kanta. Kwanar hagu ta fi sauƙi, amma ita ma in an cika gudu nauyi yakan danne gaban kwandon har ƙafar baya ta keken ta yi sama.

Ko a miƙaƙƙiyar hanya ba ya tafiya kamar moto. Kina ba shi wuta zai ja ki wajen kwando, kina taka birki kwandon ya ture ki ɗaya gefen, in dai ƙafarsa ba ta da birkinta. Abin dariya, wadda ta iya keke ko moto ita ta fi shan wuya, don jikinta ya saba da karkata in za a juya. Wannan kuwa ba ya jin karkata, da hannu ake murɗa shi, kuma yana son ƙarfin kafaɗa.

Saboda haka koyo ba a kan kwalta ake fara shi ba. Filin makaranta ranar da babu yara, ko filin idi, ya isa. A sa rabin buhun rairayi cikin kwando, a jera jarkoki, a yi ta kewaya su dama da hagu a hankali, a yi ta gwada tsayawa, kwana da kwanaki. Jarkokin nan suna koya wani abu da kowa ke mantawa: faɗin keken. Ke kin wuce, kwando bai wuce ba, sai ki ji ya kwashi akuya ko turken rumfa. Sai mai koyo ta iya da rairayi sannan a ɗora mata buhun gero, mutum kuwa shi ne na ƙarshe. Kaya mai nauyi cikin kwando yake zama, ƙasa-ƙasa, kusa da ƙafarsa, a ɗaure. Kada a goya mutum a baya a bar kwando fanko.

Lantarkin ma da nasa hali. Ba ya ƙara, yaro da makaho da tsohuwa ba za su ji zuwanki ba, sai kin danna oda. Kuma ko yana kunne shiru yake, hannu na taɓa wajen ba da wuta ya zabura. Duk lokacin da za a ɗora kaya ko a sauke, a kashe a zare makulli, don yaranmu kun san su da taɓe-taɓe. Mu mata kuma mu kula da bakin zane da hijabi. In suka shiga ƙafa, wuya suke ja. A tattare su, a sa wando a ciki, a sa kaske a ɗaure igiyarsa. Wallahi zafinsa bai kai na ɗinki a gidan likita ba.

Batiri shi ne mafi tsada a jikin keken. Ba a cajinsa cikin rana tsaka, ba a cajinsa a ɗakin da ake kwana, kuma sai da cajar da ta zo da shi, don irin wannan batiri in ya kama wuta kashe shi aiki ne. Rairayin hanyoyinmu na ƙauye yana shanye caji fiye da kwalta, nisan da mai sayarwa ya faɗa kada a ɗauke shi duka. Da damina in ruwa ya cika hanyar Korama, a jira ya janye.

Kuɗin da ke cikin akwatin nan mai kwaɗo uku na mata ashirin ne ko talatin, wata dala-dala ta tara nata. Kafin a buɗe shi, a rubuta cikin dokar ƙungiya: su wa za su koya (mata biyu ko uku, kada miji ko ɗan shugaba ya mayar da shi nasa), nawa za a ware duk mako don sabon batiri, wa zai biya in an yi ɓarna. A tambayi mai sayarwa inda ake samun taya da birki, da wanda zai gyara a Magarya ko Dungas. A kuma je ofishin magajin gari a ji takardun da ake nema kafin a hau da shi babbar hanya.