Daga Jimeta Zuwa Mambila A Kan Babban Babur: Ba Ƙarfin Inji Ke Sauko Da Mutum Lafiya Ba

Duk ɗan Adamawa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya sha ganin irin manyan baburan nan masu akwati biyu a gefe da gilashi a gaba, waɗanda kan gifta ranar Lahadi kamar walƙiya. Samari da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi, musamman waɗanda suka daɗe suna sana'ar acaɓa, sukan bi su da kallo, kowa na rayawa a ransa cewa ran da Allah ya hore masa, da irin wannan zai tafi gida hutun Salla. To, buri ba laifi ba ne. Amma fa hanyoyin gida ba irin na Ikko ba ne, domin Yola da Jimeta suna kwance ne a kwarin Binuwai, duwatsu kuma sun yi wa ƙasar ƙawanya, kuma abin da dutse ke nema wurin mahayi dabam yake da abin da titin Ikorodu ke nema.

Wane irin babur ne?

An ƙera irin wannan babur ne don ya haɗa abu biyu, watau gudu irin na tsere da kuma jin daɗin zama a doguwar tafiya. Ana ɗaukar wani babur na kamfanin BMW na Jamus mai suna R100RS a matsayin kakansu. Ya fito a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gongola mai hedkwata a Yola, kuma an yi masa rufin gaba mai kare mahayi daga bugun iska. Daga baya kamfanonin Japan suka shigo fagen.

Ɗaya daga cikin na zamanin nan shi ne Tracer 9 GT, wanda kamfanin Yamaha ya fitar a 2021. Injinsa mai silinda 3 ne, girmansa cc 890, yana ba da ƙarfin doki wajen 119, giyarsa 6, nauyinsa kuwa wajen kilo 220 in an cika tanki. Don masu karatu su gane bambancin, Bajaj Boxer ɗin da aka fi yin acaɓa da shi silinda 1 gare shi, cc 100, ƙarfin doki wajen 8, nauyinsa kuma ya ɗan haura kilo 100 kaɗan. Ke nan wancan ya ninka Boxer sau 2 a nauyi, amma a ƙarfi ya ninka shi fiye da sau 14.

Haɗuwar farko

Abin da wanda ya saba da ƙaramin babur zai fara ji, tun bai tayar da inji ba, shi ne nauyi. Sirdin ya haura santimita 80 daga ƙasa, saboda haka gajeren mutum da ɗan yatsun ƙafa zai dafa ƙasa. In babur ɗin ya karkata a tsaye, ƙafa ɗaya ba ta tare shi kamar yadda take tare Boxer. Na biyu shi ne zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Jimeta yakan haura digiri 40, babban inji kuwa in ba ya tafiya sai ya riƙa hura wa ƙafafun mahayi wuta kamar maƙera.

Amma da zarar taya ta fara juyawa sai nauyin ya ɓace, babur ɗin ya zama kamar doki mai horo. A nan ne kuma tarkon farko yake. Gilashin gaba ya tare iska, inji ba ya kuka, sirdi ba ya jijjiga, saboda haka duk alamun da ɗan acaɓa ya saba gane gudu da su sun tafi. Mutum na iya kai wa kilomita 120 a awa yana tsammanin 60 yake yi. Hanyar da ta fita daga Jimeta zuwa Ngurore kuwa hanya ce ta ƙauyuka da kasuwanni da garken shanu. Lissafin birki ba ya sassauta wa kowa: in gudu ya ninka sau 2, tazarar da ake bukata kafin a tsaya takan ninka sau 4.

Hanyar dutse

Adamawa ba ta rasa duwatsu ba. Akwai na Mandara a arewa wajen Mubi da Michika, ga na Alantika a kan iyakar Kamaru inda mutanen Koma suke, ga kuma na Shebshi wajen Ganye. Amma hanyar kwalta mai kwana-kwana wadda direbobin Yola suka fi ba da labarinta ita ce ta hawan Mambila. Har zuwa ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da aka raba Gongola gida biyu, Mambila tana ƙarƙashin Yola ne, kuma ma'aikata da fatake da yawa sun san wannan hanya tun tana abin tsoro. Yanzu tana cikin Jihar Taraba.

Mai tasowa daga Jimeta zai bi ta Numan, ko kuwa ya ratse a Ngurore ya bi ta Mayo Belwa da Zing, ya faɗa Jalingo. Daga nan sai Bali, sai Serti a gefen gandun dajin Gashaka Gumti, sai Mayo Selbe a gindin dutse. Tafiya ce ta yini guda cur. Daga Mayo Selbe ne hanya ke miƙewa sama, tana naɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya kwazazzabo a ɗaya hannun, ta bi ta hawan nan da ake kira Biyu da Sisi, har ta fito sarari wajen Maisamari, ta wuce Nguroje ta kai Gembu. Tudun Mambila ya kai tsayin mita 1,600 a tsakaice, kuma a wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419.

A wajen hawa, babu musu, babban babur sarki ne. Iska takan yi sirara in an yi sama, kowane inji kuma yakan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100. A kan tudun Mambila ke nan Boxer ya yi asarar fiye da doki guda daga cikin 8 ɗin da yake da su, shi ya sa ake jin sa yana nishi in ya ɗauko mutum biyu da buhu. Mai doki 119 kuwa ko a jikinsa. A giya ta biyu ko ta uku zai haye inda manyan motoci ke rarrafe. Haka kuma sanyi kan ƙaru da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000, saboda haka wanda ya baro Jimeta yana gumi zai gode wa gilashin gaba da maƙallan hannu masu ɗumi da aka sa wa wannan babur.

Sai dai kwanar dutse tana da nata ƙa'idodi. Ana rage gudu ne tun kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Ido yana kallon inda ake son fita, domin babur yakan bi inda ido ya kafe, wanda ya zuba wa rami ido kuwa ramin zai nufa. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ke tuƙi a hannun dama, amma doguwar mota ba ta iya shan matsattsiyar kwana sai ta ci hannun wani. Saboda haka mahayi mai hankali yakan ɗauka cewa bayan kowace kwanar da ba ya ganin ƙarshenta akwai mota, ko saniya, ko dutsen da ruwa ya gangaro da shi.

Gangara ita ce jarrabawa

Masu iya magana sun ce hawa da wuya, amma a kan babur sauka ta fi. Kilo 220 na babur, da mahayi, da na baya, da kayan tsaraba cike da akwatuna, duk sun tasar wa kilo 400, kuma gaba ɗayansu ƙasa suke son zuwa. Wanda ya danne birki tun daga sama bai saki ba, birkin zai yi zafi, man birkin ya tafasa, musamman in ya tsufa ya sha danshi. Sai mutum ya matsa ya ji hannu ya tafi babu komai. Maganin abin shi ne a sauko da giyar da aka hau da ita, a bar inji ya riƙe babur, birki kuma a riƙa taɓa shi ana saki.

A nan akwai ɗabi'u biyu na masu ƙananan babura da ya wajaba a bar su a gindin dutse. Ta farko ita ce kashe inji ko sa furi a gangara don tsimin mai. Wanda ya yi haka ya jefar da rabin abin da ke riƙe shi. Ta biyu ita ce tsoron birkin gaba. Da yawa sun tashi da jin cewa birkin gaba shi ke kayar da mutum, sai suka dogara da na ƙafa kaɗai. A babban babur kuwa, birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, domin nauyi gaba yake komawa in an taka birki. Ana koyon matsa shi a hankali a fili, tun kafin a je inda kuskure ba ya da gyara.

Gaskiya ne an sa wa wannan babur na'urori masu taimako. Akwai wadda ake kira ABS, mai hana taya cijewa in an danne birki da ƙarfi, wadda BMW ya fara sa wa babur a 1988. Akwai kuma mai rage wuta in tayar baya ta fara sulɓi, har da mai auna karkatar babur a kwana. Amma duk aikinsu shi ne su yi amfani da ɗan riƙon da ke tsakanin taya da kwalta. In tsakuwa ce ko kashin shanu ko baƙin mai ya malale a kwana, babu na'urar da za ta ƙirƙiro riƙon da babu. Ga kuma hazo, wanda da damina kan rufe hawan Mambila har mutum bai ga abin da ke gabansa ba.

Inda ƙarami ya fi babba

Da zarar kwalta ta ƙare, sarauta ta koma hannun Boxer. Tayoyin babban babur masu faɗi ne, inci 17, na kwalta zalla, kuma a jar laka ta Mambila santsi suke yi kamar sabulu. Ba banza ba mutanen tudun suka riƙe tsofaffin motocin Land Rover da ƙananan babura don shiga ƙauyuka. In Boxer ya faɗi yaro ma ya ɗaga shi, in ya lalace kowane bakanike a bakin hanya ya san cikinsa.

Shi kuwa babban, tankinsa bai kai lita 20 ba, kuma ba kafireto gare shi ba, na'ura ce ke fesa masa mai, saboda haka gurɓataccen man kwalba na iya tsayar da shi a daji. Tayarsa ko wani ƙaramin abin injinsa in ya lalace, mai yiwuwa sai an aika Ikko ko ƙasar waje. Mai niyyar wannan tafiya sai ya cika tanki a manyan garuruwa, ya riƙe kayan faci da famfo da man sarƙa, ya kuma shirya yadda zai isa Mayo Selbe da sauran rana.

Sai batun doka. Mazauna Ikko sun san yadda aka hana acaɓa bin manyan hanyoyi a 2012, aka ƙara tsanantawa a 2020 da 2022. A gida ma, a shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, gwamnatin Adamawa ta hana zirga-zirgar babura a cikin Yola da Jimeta, abin da ya sa Keke Napep ta mamaye titunan garin. Kafin mutum ya kama hanya, ya kamata ya tambayi 'yan uwa da hukuma abin da doka ta ce a kowane garin da zai ratsa. Hular kwano kuwa tun ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta, kuma a kan irin wannan babur ana bukatar mai rufe haɓa, tare da safar hannu da takalmi mai kauri.

Shekara 10 ta acaɓa a Agege ko Obalende ta koya wa mutum kutsawa cikin cunkoso da karanta halin direbobi, kuma wannan ilmi ne na gaske. Amma ba ta koya masa riƙe kilo 400 a gangara mai kwazazzabo ba. Wanda ya samu irin wannan babur, sai ya fara da fili, ya saba da nauyinsa da birkinsa, ya gwada shi a ƙananan hawa, kafin ya tunkari Biyu da Sisi da ɗan wani a bayansa. Iyalin da ke jira a Jimeta ba sa tambayar awa nawa aka yi a hanya, isowa lafiya suke so. Allah ya kiyaye hanya.