Tarihi Da Siyasar Duniya: Karatun Da Ke Tsare Kan Iyaka

Sau da yawa uba a Agege ko Sabon Badun yakan ji ɗansa ya gama digirin farko, ya gama bautar ƙasa, sa'an nan ya zo da maganar zai koma jami'a ya yi digiri na biyu a kan tarihin zamani da siyasar duniya. Sai uban ya yi shiru, yana tunanin me za a ci da labarin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. To, jama'a, bari mu duba mu gani.

Shi wannan fanni ba daɗaɗɗe ba ne. A cikin 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kafa kujerar farfesa ta farko ta siyasar duniya a Jami'ar Aberystwyth ta ƙasar Wales, da nufin a gano abin da ke jawo yaƙi tsakanin ƙasashe. Ɗaya daga cikin waɗanda suka hau kujerar, E. H. Carr, a 1936, masanin tarihi ne. Watau tun asali fannonin biyu ɗan juma ne da ɗan jummai: mai tarihi ya faɗi abin da ya wakana, mai siyasar duniya ya auna dalili da abin da zai biyo baya.

Wanda ke shakkar amfaninsa ya tuna shari'ar kan iyaka tsakanin Nijeriya da Kamaru. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg. Ran 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ba Kamaru Bakassi, tana dogara da yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Kazalika a wajen Tafkin Chadi, takardun Ingila da Faransa na 1919 da na 1931 aka bi, garin Darak ya koma hannun Kamaru, alhali kuwa masunta 'yan Nijeriya sun daɗe suna zaune a can. Aka ƙarasa miƙa Bakassi a 2008. Ashe tsohuwar takarda tana iya raba mutum da gidansa, kuma ƙasar da ba ta da masu iya karanta irin waɗannan takardu tana cikin haɗari.

Yadda karatun yake, ɗalibi yakan fara da darussa: rabon Afirka a taron Balin na 1884 zuwa 1885, yaƙe-yaƙen duniya biyu, kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, Yaƙin Cacar Baka, da manufofin Nijeriya na waje, kamar yadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta goyi bayan MPLA a Angola a 1975 ba da son Amurka ba. Daga nan sai ya rubuta kundin bincike nasa na kansa. A Ingila galibi shekara guda ake yi.

Mu da ke zaune a Kudu, rijiyar tana bakin ƙofarmu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana cikin harabar Jami'ar Badun, wanda Farfesa Kenneth Dike ya yi ɗawainiyar kafa shi a 1954. A Ikko kuma akwai Cibiyar Nazarin Harkokin Duniya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1961, da babban ɗakin karatunta. Farfesa Ibrahim Gambari, mutumin Ilori, ya shugabanci wannan cibiya kafin ya zama Ministan Harkokin Waje a 1984.

Sai dai a faɗi gaskiya. Wannan digiri ba ya ba da aiki nan take kamar likitanci. Ƙofofinsa su ne koyarwa, aikin jarida, Ma'aikatar Harkokin Waje, da ƙungiyoyi irin su ECOWAS, kuma masu nema suna da yawa. Wanda ya haɗa da Faransanci ya fi samun shiga, don maƙwabtanmu huɗu, Binin da Nijar da Chadi da Kamaru, duk suna aiki da shi. Ɗanmu da ya tashi da Hausa a gida, da Yarbanci a kasuwa, da Larabcin makarantar allo, ya riga ya yi rabin tafiya.

Saboda haka, Alhaji, in yaro ya zo da wannan magana, tambaye shi abin da zai bincika, da malamin da zai duba aikinsa. In ya amsa da hujja, sa masa albarka ya tafi.