Ƙarancin malamai a Amurka: Ina mazan baƙar fata suka shiga?

Duk lokacin da makarantun gwamnati za su dawo daga dogon hutu a Amurka, hukumomin ilimi na gundumomi da dama kan shiga fafutikar cike guraben malamai. Wasu gundumomi a jihohin Missouri da Texas sun mayar da makon karatu kwana huɗu domin su jawo hankalin masu neman aiki. A 2022 jihar Florida ta ba tsofaffin sojoji damar koyarwa ko da ba su kammala digiri ba.

A cikin wannan ƙaranci akwai wanda ya fi tsanani. Yara baƙar fata sun kai kimanin kashi 15 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati, amma maza baƙar fata ba su kai kashi 2 cikin 100 na malamai ba. Kusan takwas cikin kowane malamai goma fararen fata ne, kuma mafi yawan malaman mata ne. Yaro baƙar fata na iya gama firamare da sakandare bai taɓa zama gaban malami namiji mai launin fatarsa ba.

Matsalar tana da tushe a tarihi. Kafin 1954 doka ta raba makarantun farare da na baƙaƙe a jihohin kudancin ƙasar, inda malamai baƙar fata kimanin 82,000 suke karantar da 'ya'yan al'ummarsu. Koyarwa na cikin 'yan ayyukan mutunci da aka bar musu, kuma malami ko shugaban makaranta dattijo ne da ake jin maganarsa a unguwa. A shekarar ce Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka sani da sunan Brown, ta haramta wariya a makarantu. Da aka zo haɗe makarantun, na baƙaƙe aka riƙa rufewa. Aka kwashe ɗalibai zuwa makarantun farare, aka bar malamansu a baya. An ƙiyasta cewa malamai da shugabannin makarantu baƙar fata kimanin 38,000 ne suka rasa aiki cikin shekara goma. Hukuncin babbar nasara ce, amma giɓin da aiwatar da shi ya bari har yau bai cike ba.

Wani zai ce ai ilimi ba ruwansa da launin fata. Binciken da Seth Gershenson da Nicholas Papageorge da abokan aikinsu suka fitar a 2017, bisa bayanan ɗaliban jihar North Carolina, ya nuna akasin haka. Yaro namiji baƙar fata daga gidan talakawa, idan ya samu malami baƙar fata ko da ɗaya tsakanin aji uku da aji biyar na firamare, yiwuwar ya bar sakandare bai gama ba na raguwa da kashi 39 cikin 100. Binciken ya haɗa malamai maza da mata ne. Masu kiran a ƙara maza suna ƙarawa da cewa yara mazan baƙar fata su aka fi dakatarwa da kora daga makaranta, don haka suna buƙatar ganin namiji irinsu da ilimi ya ɗaukaka.

Abin da ke korar samari daga aikin ba ɓoyayye ba ne. Albashin malami a Amurka ya gaza na sauran masu digiri da fiye da kashi 20 cikin 100, kuma tazarar ta fi faɗi ga maza. Ga bashin karatun jami'a, wanda ya fi danne baƙar fata. Saurayin da shi ne na farko da ya yi digiri a gidansu, ga ƙanne da iyaye sun zuba masa ido, da wuya ya zaɓi aji.

An ɓullo da shirye-shiryen jawo su. Jami'ar Clemson da ke South Carolina ta fara shirin Call Me MISTER a 2000 tare da wasu kwalejoji uku na baƙar fata, ana tallafa wa samari da kuɗin karatu domin su koyar a firamare. Birnin New York ya ƙaddamar da nasa a 2015 da burin ɗaukar malamai maza 1,000 waɗanda ba farare ba.

Riƙe su kuwa ya fi ɗaukar su wuya. Sau da yawa malami baƙar fata shi kaɗai ne namiji irinsa a makaranta, sai a mayar da shi malamin horo. Yaran da suka gagari kowa ajinsa ake turawa, faɗa ya ɓarke shi ake kira, ba tare da an ƙara masa ko sisi ba. John King, wanda ya yi sakataren ilimi a zamanin Obama, ya kira wannan nauyi harajin da ba a gani. Wanda ya shigo don koyar da lissafi kan ƙare a tsaron ƙofa da raba faɗa, kuma a makarantun unguwannin talakawa, inda aka fi tura su, nan ne malamai suka fi ajiye aiki.