Wi-Fi Na Gida Yana Zuwa Yana Ɗaukewa: Ina Za A Fara Dubawa?

'Yan'uwa manoma, a yanzu gidaje da dama na 'yan ƙungiyoyinmu suna da ɗan akwatin nan da ake sa wa sim, shi kuma ya rarraba intanet ga wayoyin gida ba tare da igiya ba. Wannan rarrabawa ita ce ake kira Wi-Fi. Ta wurinta ma'aji yake duba ko kuɗin taki ya shiga asusu, ta wurinta ake tambayar farashin masara a Saminaka ko Dawanau, ake kuma karanta hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa kowace shekara. Amma sau da yawa sabis yakan cika yanzu, an jima kaɗan ya faɗi, wani lokaci ana tsakiyar tura kuɗi. Daga nan sai mai gida ya ce akwatin ya lalace, ya sayar da buhun hatsi ya sayo sabo, ya tarar ba abin da ya sake.

Kafin a kashe ko kwabo, sai mu san cewa saƙo yana yin tafiya biyu ne kafin ya iso wayarmu. Ta fari, daga ƙarfen sabis na kamfani zuwa akwatin. Ta biyu, daga akwatin zuwa waya. Alamar nan mai kama da mafici da take saman fuskar waya, labarin tafiya ta biyu kaɗai take bayarwa. Ba ta san kome game da ta farin ba. Shi ya sa mafici yakan cika fal, amma shafi ya ƙi buɗewa.

Gwajin ba wuya. Lokacin da abin ya fara damu, a ɗauki waya a je a tsaya taku biyu daga akwatin. Idan aiki ya gyaru a nan, to, laifin yana tsakanin akwati da ɗakin da aka baro. Idan kuwa mafici ya cika amma har yanzu ba a samun kome, laifin yana waje ne, ko kuwa data ta ƙare. In sunan Wi-Fi ɗin ya ɓace ɗungum na minti ɗaya ko biyu sa'an nan ya komo, akwatin ne yake mutuwa yana tashi, wannan kuwa maganar wuta ce. A gwada da waya biyu, gama in ɗaya ce kaɗai take wahala, ita ce mai ciwon.

ABIN DA YAKE TARE HANYA A CIKIN GIDA

Wi-Fi rediyo ne, ɗan'uwan wanda muke kamawa a gajeren zango, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai. Mu ɗauke shi kamar fitila. Wanda yake so haske ya kai ko'ina a ɗaki yakan rataye ta sama, a tsakiya. Haka akwatin yake so. Amma da yawa daga cikinmu, saboda tsoron yara da ɓarayi, mukan sa shi a ƙasa bayan talabijin, ko cikin kabad, har ma cikin akwatin ƙarfe na tufafi. Ƙarfe ba ya barin wannan rediyo ya wuce, mayar da shi baya yake yi. Kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, firiji, wagar sauro ta ƙarfe a taga, duka haka suke. Ruwa kuwa shanye shi yake yi. Randa, duro cike da ruwa, ganyen mangwaro mai duhu, har jikin mutum, gama yawancin jikinmu ruwa ne.

A nan ne za mu gane dalilin da sabis ba ya tsayawa wuri ɗaya. Gida ba ya zama yadda yake kullum. Katangar ƙasa mai kauri wadda saƙo yake ratsawa da ƙyar da rani, in ta sha ruwan Agusta sai ta ƙara tare shi. Da kaka a jibge buhunan masara har rufi a ɗakin da yake tsakani. Ranar taron ƙungiya mutum talatin su cika zaure. Da dare a rufe ƙofar ƙarfe wadda take buɗe tun safe. Akwatin bai sake ba, hanyar ce ta sake.

Akwai kuma wani abin mamaki. Saƙon ba ta hanya ɗaya yake isowa waya ba. Wani yana zuwa kai tsaye, wani ya bugi kwano ya dawo, wani ya bugi bango. In sun haɗu, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna. Tsawon igiyar wannan rediyo wajen santimita 12 da rabi ne, bai kai taƙi guda ba. Saboda haka gusar da akwati taƙi ɗaya ko biyu yana iya kawo bambanci na gaske. Ba camfi ba ne. Wanda ya taɓa yawo da rediyo a tsakar gida yana neman inda murya za ta fito sosai ya riga ya san wannan.

Layukan mafici uku ko huɗu ne kawai, ba su isa awo ba. Akwai manhajoji na kyauta da suke nuna ƙarfin Wi-Fi da lamba, a ma'aunin da ake rubutawa dBm. Lambar tana da alamar ɗebewa a gabanta, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Wajen -50 ƙarfi ne sosai. Har zuwa -67 ana iya kiran bidiyo lafiya. Daga -70 abin ya fara rauni, a -80 kuwa sai yankewa. Kada a raina tazarar, domin duk ƙarin 3 ƙarfin ya ragu da rabi ke nan, ƙarin 10 kuwa ya koma kashi ɗaya cikin goma. In lamba tana rawa da biyu ko uku, wannan halinta ne, kada ya dame mu. Amma ɗakin da yake zaune a -78, mutum ɗaya ya gitta ya isa ya yanke shi. Sai a sa yaro mai wayo ya zaga da waya ɗaki ɗaki, ya rubuta lambobin a takarda, a gusar da akwati, ya sāke zagawa.

Yawancin sababbin akwatuna suna watsawa a zango biyu, na 2.4 da na 5. Na 5 ya fi sauri, amma bango yana cinye shi da wuri. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa katanga. In zangon biyu suna da suna ɗaya, waya takan yi ta tsalle tsakaninsu, mai ita yana ganin sabis yana hawa yana sauka. A gidajenmu na ƙasa da bulo, mu dai shawararmu ita ce a ba su suna dabam dabam, ɗakuna na nesa su zauna a kan 2.4. Ana yin wannan a shafin saiti na akwatin. Adireshin shafin yana rubuce a ƙarƙashinsa ko cikin murfin batir, sau da yawa 192.168.0.1, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1.

Waɗanda suke cikin gari kamar Jos ko Kafanchan, inda maƙwabta da yawa suke da nasu akwatin, suna iya cin karo a tasha ɗaya. A zangon 2.4 tashoshi uku ne ba sa shiga juna, watau 1, 6 da 11. A zaɓi wadda ba cunkoso. A ƙauye wannan ba safai yake zama dalili ba. Abin da ya fi yawa shi ne lambar sirri ta zaga unguwa, wayoyi goma sha biyar suna jan abin da aka saya domin biyar. A sake lambar, a ga.

WUTA DA ZAFI

Akwatin da yake mutuwa yana tashi, a fara tuhumar abin da yake ba shi wuta. Da yawansu bolt 12 suke ci, an kuwa rubuta adadin a jikinsu. In cajarsa ta asali ta ƙone aka sayo wata wadda bakinta ya shiga amma ƙarfinta bai kai ba, zai yi aiki sa'ad da ba kowa, ya mutu sa'ad da aka taru a kansa. Haka yake in batirin sola ya yi ƙasa da asuba, ko soket ya yi sako-sako, ko lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareta.

Zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano shi ma yana sa shi rage aiki ko ya mutu. Mun ce a ɗaga shi sama, amma ba a manna shi da rufi ba. Tsayin kan mutum ya isa. Kada a lulluɓe shi da ƙyalle don ƙura. Gara a riƙa kakkaɓe ramukan iskarsa bayan hunturu. Ƙananan na aljihu masu batir kuwa, in an bar su a caji dare da rana batirin yakan kumbura. Wanda ya ga murfi ya ɗaga, ya cire batirin nan da nan, gama yana iya kama wuta.

IN LAIFIN NA WAJE NE

Ƙarfen sabis ɗaya mutane da yawa suke rabawa. In abin yana tafiya daidai da safe amma ya yi nauyi da magariba ko ranar kasuwa, cunkoso ne, sabon akwati kuwa ba zai warkar da shi ba. Sai ma'aji ya mai da aikin banki zuwa safiya. In kuwa fitilar sabis ta jikin akwatin tana sauya launi, yana tsalle ne tsakanin 4G da 3G domin abin da yake iso shi kaɗan ne. A kai shi tagar da take duban ƙarfen sabis. A kuma ari sim na wani kamfani a gwada kwana biyu, idan akwatin ba a kulle yake ga kamfani ɗaya ba.

Mai karatu zai ce, ɗazu kun ce tsakiyar gida, yanzu kuma kun ce taga. Gaskiya ne, su biyun sukan yi gardama. In sun yi, taga ce za a bi, domin akwati ba ya raba abin da bai samu ba. Sa'an nan a nemi hanyar kai saƙon sauran ɗakuna. Ana sayar da 'yar na'ura mai maimaita Wi-Fi, amma wadda take da rediyo ɗaya takan rage sauri wajen rabi, kuma in an sa ta a ɗakin da ba sabis, raunin za ta maimaita. Wurinta tsakiyar hanya ne, inda lamba ba ta wuce -67 ba. Abin da ya fi ta shi ne kebul na intanet daga akwatin fari zuwa akwati na biyu a ɗaya sashen gidan. Kebul ɗin yana kai mita 100, katanga kuwa ba ta dame shi ba. In zai ratsa tsakar gida, a sayi irin na waje, a zura shi cikin bututun roba a binne saboda rana da ɓera, a kuma cire shi daga akwatunan in hadari mai tsawa ya taso.

Game da na'urorin ƙara sabis na waya da ake tallarsu a kasuwa, a yi hankali. A 2021 hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi gargaɗi cewa sayarwa ko kafa su ba da izini ba laifi ne, domin suna dagula sabis na maƙwabta. Eriyar waje wadda ake ɗaurawa a kan sanda a haɗa da akwatin ita ba ta cikin wannan, amma kafin a saya a juya bayan akwatin a tabbata yana da bakin da za a ɗaura ta, gama ba dukansu suke da shi ba.