Gyaran wurin wanki a gida: a fara da sanin inda ruwan zai bi

Yau za mu duba wani lungu na gida wanda ba a cika zama a yi shawara a kansa ba, wato wurin wanki. A mafi yawan gidajenmu babu wani wuri tsayayye. Inda inuwa ta faɗa nan uwargida ke ajiye baho, in ta gama ta kwarara ruwan a gindin katanga ko ta tura shi ta rariya zuwa kan hanya. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Abin da muke so mu fahimtar shi ne, gyaran wurin wanki yana farawa daga tambaya ɗaya: ruwan da aka gama da shi, ina za shi? In an amsa wannan, sauran duka mai sauƙi ne.

Me ya sa ruwan ne a gaba?

Na farko, yawancin gine-ginenmu na ƙasa ne. Katangar laka ba ta jure jiƙa kullum a gindinta. Ruwan sabuni yana cin ƙasan a hankali, sai damina ta zo, musamman cikin watan Agusta da ruwa ke yin ƙarfi, ta iske gindin ya riga ya ruɓe. Katangar da ta faɗi kuwa ba ta zaɓen wanda za ta danne, kuma sau da yawa ta haɗin gwiwa ce da maƙwabci.

Na biyu, sauro. A lokacin zafi, kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwan sauro ya zama babba mai cizo. Ruwan dauɗa da ke kwance a bayan gida yana haifar da sauron nan mai hana barci. Shi kuwa mai kawo masassara ya fi son ruwa mai ɗan haske, irin wanda ke taruwa a kwaroron ƙasa, ko wanda aka manta a baho kwana da kwanaki. Tun shekarar 2013 ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin masassara wata-wata a lokacin damina a ƙasarmu. To amma in muna ba yaro magani da safe, muna kiwon sauro a bayan ɗakinsa da dare, kun ga ai mun rage wa maganin ƙarfi.

Na uku, zaman lafiya da maƙwabta. Ruwan da ya fita ta rariyarka ƙofar wani yake tsayawa. Tsoho mai zuwa masallaci da asuba ya taka, yaro ya zame, mai amalanke ya maƙale. Daga nan magana ke tashi, wani lokaci har gaban mai gari.

Zaɓen wuri

A nemi kusurwar da ƙasarta ta ɗan gangara, nesa da madafa, nesa da rumbu da inda ake shanyar hatsi. A bar tazarar taku uku ko huɗu tsakaninta da katangar ƙasa. In da rijiya a gidan ko a maƙwabta, masana tsabtar muhalli suna ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakanin rijiyar da ramin da ruwan dauɗa ke shiga. In gidan bai kai wannan faɗi ba, a yi ramin can ƙarshen da ya fi nisa, kuma ta ɓangaren gangare, kada ya kasance sama da rijiyar.

Inuwa tana da amfani ga mai wanki, musamman daga Maris zuwa Mayu da rana ke dukan ƙwaƙwalwa. Gindin dogon yaro ya yi, ko 'yar rumfar zana. Igiyar shanya dai ita rana take so, sai a ɗaura ta kusa, inda hasken ke sauka.

Daɓe da rami

Ba sai an yi babban gini ba. Daɓen siminti mai tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin mita ɗaya, kaurin kamar yatsu huɗu, ya ishi baho uku da mai zama. Buhu ɗaya na siminti mai kilo 50, irin wanda ake yi nan kusa da mu a Malbaza, zai iya yin wannan aiki in an haɗa shi da yashi da tsakuwa. A gaya wa magini ya karkata daɓen kaɗan, kamar santimita 2 a kowace mita, ya kuma yi masa ɗan baki a gefe uku don ruwa ya bi hanya ɗaya. Bayan an zuba, a riƙa yayyafa masa ruwa har mako guda kafin a fara aiki a kai, in ba haka ba zai tsattsage.

Wanda bai da halin siminti, ya jera faffaɗan duwatsu ko fasassun bulo, ya cike tsakaninsu da tsakuwa. Ya fi zama cikin caɓi nesa ba kusa ba.

Sai rami. Kafin a haƙa, a gwada ƙasar: a tona ɗan rami zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ruwa da yamma. In da safe ya shanye, ƙasar ta yi. Jigawa tana shan ruwa da sauri. Ƙasar laka, irin ta fadamu da kwarin Maggia, tana riƙe shi, don haka a can sai ramin ya fi faɗi, kuma a rage ruwan da ake tura masa.

Ramin ya kai kamar mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi zurfi. A cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, matsakaita a tsakiya, ƙanana a sama, sannan a rufe da tsohon buhu ko kwano, a bi da ƙasa. Guntun tiyo ya taho daga bakin daɓen ya shiga cikinsa. A bakin tiyon a sa tsohuwar rariyar tankaɗe ko gwangwani mai huji don tare zare da yashi, a riƙa kakkaɓe ta. Muna jaddada cewa a cika ramin da duwatsu, a rufe. Buɗaɗɗen rami mai ruwan dauɗa gidan sauro ne, kuma tarko ne ga yara da 'yan awaki. Wannan haƙa kuwa aikin maigida ne da samarin gida, kada a bar wa mata.

Baho uku da tattalin ruwa

Duk wanda ya taɓa bin layin pampo da bido mai lita 25, ko ya biya mai garuwa, ya san darajar ruwa. Baho uku suna rage asara: ɗaya na saɓawa, biyu na ɗauraya. A fara da fararen kaya, a bi da masu launi, a ƙare da kayan gona da na makarantar yara. Ruwan ɗauraya na farko shi zai zama na saɓa kaya na gaba. Na ƙarshe, wanda kumfarsa ta yi kaɗan, ana iya yayyafa shi a tsakar gida don kwantar da ƙura, ko a ba itacen inuwa. Wanda aka sa wa ruwan javel ko Omo mai yawa kada a kai shi ga zogale, yakuwa ko wani ganyen da ake ci, kuma yawan zuba shi wuri ɗaya yana kashe ƙasa.

Tsumman jariri da duk kayan da kashi ya taɓa, a ware musu baho nasu, ruwansu kuma salanga za shi. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, da cutar amai da zawo ta shiga jihohi da dama na Nijar, har da tamu ta Tahoua. In wani ya kwanta da irin wannan ciwo, a tafasa tufafinsa ko a jiƙa su a ruwan javel daidai yadda ma'aikatan gidan likita suka nuna, kuma ko kusa kada a wanke su a bakin rijiya ko tabki.

In an gama wanki, a kife kowane baho da bokiti. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya kansa yana da nauyi sosai in an kwatanta da girman jikinsa. In ya leƙa bokiti ya faɗa da ka, ba ya iya fitowa, ba ya kuma iya kuka, ko da ruwan bai kai rabi ba. Gangar da ake tara ruwa kuma ta kasance da murfi mai nauyi.

Sabuni, javel da soda

A kafa ɗan katako a sama, inda hannun yaro ba ya kai, ko a rataya tsohon bido da aka yanke. Nan za a ajiye sabuni, Omo, bula da buroshi. Sabunin da aka bari a jiƙe narkewa yake yi, kuɗi ne ke tafiya.

Ruwan javel ya zauna cikin kwalbarsa. Kada a juye shi a robar lemo ko ta ruwan sha, don yaro ba ya bambancewa. Kada a gauraya shi da maganin wanke bayi ko wani abu mai tsami, haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu. 'Yan uwa mata masu sana'ar haɗa sabuni, sodar da kuke aiki da ita ta fi wannan haɗari, tana ƙona maƙogwaro. In tsautsayi ya sa yaro ya sha ɗaya daga cikinsu, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A garzaya da shi gidan likita tare da kwalbar.

Shanya

Shanya a ƙasa ko a kan kara tana maido da dauɗar da aka wanke. Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da kan tufafi masu danshi, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kamar maruru, yawanci a jikin yara. Igiya a sama, rana sosai, da guga mai zafi suna maganinsa. A ɗaura igiyar sama da kan awaki, a juya kaya masu launi ciki waje don kada su koɗe. Lokacin hunturu a kwashe da wuri kafin ƙura ta sauka.

A ware gajeriyar igiya a bayan zana don ƙananan kayan mata da tsumman al'ada. Kunya na sa 'yan mata su ɓoye su a ɗaki da danshi, daga nan ƙaiƙayi ke farawa. In da wurin da ido ba ya kai amma rana na kai, an raba su da wannan.

Sange kuma, wato gidan sauro mai magani, a wanke shi a hankali da sabuni na gari, ba javel, ba murza da ƙarfi, a shanya shi a inuwa. An yi shi ne ya jure wanki kamar sau 20, don haka ba kowane mako ake wanke shi ba.

A gidan da mata suke da yawa, a zauna a raba ranaku, kowace ta san ranar daɓe da igiyarta, wadda ta gama ta share wurin ta kakkaɓe rariya. Mafi kyawun lokacin wannan aiki shi ne rani, kafin ruwan farko na watan Yuni, lokacin ƙasa ta bushe kuma samari ba su shiga gona ba. Wanda ya riga ya yi irin wannan rami a gidansa, muna jiran kiransa a shirinmu ya gaya wa jama'a yadda ƙasar garinsu ta karɓe shi. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.