Idan Ɗakin Inna Ya Cika Da Tarkace

A Kura da Bunkure, mai cikin fari kan koma gaban iyayenta don haihuwa da wankan jego. To, yaya ke nan idan ɗakin ya cushe da tsofaffin buhunan shinkafa, fasassun kwandunan tumatir da ledoji, Inna kuma ta hana a taɓa ko tsinke?

Ba jeren kwanuka ake nufi ba, wannan ado ne. Ana maganar kasa rabuwa da abin da ba shi da amfani, har wurin kwanciya ya gagara. Larura ce, ba rowa ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022.

Yankin na noman rani ne da ruwan dam ɗin Tiga, don haka sauro ba ya yankewa. Tarkace maɓoyarsa ce, zazzaɓinsa kuwa kan ƙarar wa mai ciki jini, ya sa a haifi jariri ɗan ƙarami. Ɓera ma na samun mafaka, shi ne mai yaɗa zazzaɓin Lassa.

Kada a kwashe kayan a bayan idonta. Ranta zai ɓaci, ta daina yarda da ku, ta sake tara wasu. A lallaɓa ta da sunan jikan da ke tafe: "Inna, ina za mu ɗaura gidan sauro?" A fara fitar da robobin maganin feshi, waɗannan ba a jira, sannan a buɗe hanyar ƙofa. Idan tarin ya zo da mantuwa, a kai ta ga likita. Idan ta ƙi sam, mai jego ta sauka a wani ɗakin.